Kafin a San Zanen Yatsa: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Labaran Binciken Kisa na Zamanin Da

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya yi kasuwa ƙwarai a Turai da Amurka da Asiya, amma bai cika shigowa hirar masu karatu a ƙasar Hausa ba. Ginshiƙinsa sananne ne ko daga fina-finai: a yi kisa, a rasa wanda ya yi, wani mai kaifin basira ya shiga bin diddigi har ya kamo bakin zaren. Abin da ya ware wannan reshe daban shi ne marubucin na zamaninmu ne, amma sai ya ɗauki mai binciken nasa ya ajiye shi a wani zamani da ya shuɗe tun kafin a haife shi: Rum ta Ƙaisar, Sin ta shekara dubu da ɗari uku baya, Istanbul ta sarakunan Usmaniyya, Alƙahira ta lokacin mulkin Ingila. Kuma ba a yin littafi ɗaya a tsaya. Jeri ake yi, mutum guda yana warware shari'a bayan shari'a, yana aure, yana haihuwa, yana tsufa a hannun mai karatu.

Da yawa sukan sa Sherlock Holmes a wannan sahu, don suna ganinsa cikin keken doki. Ba ya ciki. Lokacin da Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, Landan ɗin da yake zaune a ciki yake zayyanawa, mu ne muka zo daga baya muka tarar ta tsufa. Haka littattafan James Hadley Chase da 'yan boko suka yi ta aron juna har bangonsu ya yage, duk labarin zamaninsu suke bayarwa. Agatha Christie ce ta taɓa leƙa tarihi a 1944, da labarin kashe-kashe a cikin wani gida na tsohuwar Masar, wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ba ta mai da shi jeri ba.

Me marubuci ke nema da zai wahalar da kansa haka? Abu na farko, yana ƙwace wa mai binciken kayan aiki. An buɗe ofishin tantance zanen yatsa a Kalkata ta Indiya a 1897, 'yan sandan Landan suka bi sahu a 1901, gwajin ƙwayoyin halitta kuwa bai shiga binciken kisa ba sai a shekarun 1980. Duk wanda aka ajiye kafin wannan ba shi da komai sai idonsa, da kunnensa, da sana'ar da ya iya, da sanin halin mutanen garinsu.

Wanda ya fi kowa buɗe wa reshen kasuwa shi ne Cadfael, na marubuciyar Ingila Edith Pargeter, wadda ke sa hannu da sunan Ellis Peters. Ta yi masa littafi 20 daga 1977 zuwa 1994. Ɗan zuhudun Kirista ne a garin Shrewsbury, irin waɗanda ke barin aure da dukiya su tare a gidan ibada, amma sai da ya sha duniya kafin ya shiga: ya yi soja a yaƙin Salibiyya na farko, ya zauna a Antakiya, ya koyo haɗa magani da tsirrai a Gabas. Da wannan ilimi yake aiki. Ya dubi ciyawar da ta maƙale a rigar mamaci ya faɗi inda aka kashe shi, ya shinshina akushi ya gane dafin da aka zuba. Littafi na biyu ya nuna yadda gwani ke cusa ƙage cikin tarihi. Gaskiya ne a 1138 Sarki Stephen ya ci ganuwar Shrewsbury ya sa aka rataye masu tsaronta. A labarin, an ce wa Cadfael mutum 94 aka rataye, aka ba shi aikin suturta su, sai ya ƙirga ya tarar da gawa 95. Ɗaya an shaƙe shi ne da siririyar igiya aka jefa cikin sauran don ya ɓace a taro. Sarkin da ya kashe 94 da bakinsa shi za a roƙa ya yi adalci a kan na 95. Peters ta mutu a 1995, kuma lambar yabon da ƙungiyar marubutan laifi ta Ingila ta ƙirƙiro wa wannan reshe a 1999 da sunanta aka fara kiranta.

Ni dai wanda na fi so mai karatu na Hausa ya fara da shi shi ne Alƙali Di na ƙasar Sin. Mutum ne na gaske, Di Renjie, ya rayu daga 630 zuwa 700, ya yi alƙalanci a gundumomi har ya zama babban waziri a fadar Sarauniya Wu. Ƙarnoni bayan mutuwarsa wani marubucin Sin da ba a san sunansa ba ya ƙaga labarin bincike a kansa. Wani jami'in diflomasiyya ɗan ƙasar Holan, Robert van Gulik, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1949, daga nan ya ci gaba da ƙaga nasa har mutuwarsa a 1967. Alƙalin gunduma a tsohuwar Sin shi ne mai bincike, shi ne mai tuhuma, shi ne mai yanke hukunci, kuma yawanci shari'a uku yake riƙe da su a lokaci guda, kamar yadda aikin alƙali yake a zahiri. Doka ta hana shi hukunta kowa sai ya amsa laifi da bakinsa, ta kuma halatta masa duka da azaba don ya samo ikirarin. Amma idan ya azabtar da marar laifi har ya mutu, shi da ma'aikatansa za su ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka Di kan san mai laifi tun tsakiyar littafi, sauran rabin kuwa neman hanyar da zai tabbatar ne ba tare da ya jefa wuyansa ba. Sinawa ma ba su rasa ilimin duba gawa ba: a 1247 wani alƙali mai suna Song Ci ya rubuta littafi a kai, inda ya kawo labarin ƙauyen da aka sare wani da lauje, aka tara laujunan gari a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya duk da an wanke shi.

Irin wannan basira ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya ji yadda aka wanke Annabi Yusuf ta hanyar duba ko ta gaba rigarsa ta yage ko ta baya. Malamai na ba da labarin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Umaru ɗan Abdul'azizu. Wani ya yi ƙarar ya ba abokinsa ajiya a gindin wata bishiya, abokin ya ce bai ma san bishiyar ba. Iyasu ya aiki mai ƙara ya je wurin, ya ci gaba da wasu shari'o'i, can da ya ga wanda ake ƙara ya saki jiki sai ya waiwayo ya tambaye shi ko yana ganin abokinsa ya isa yanzu. Mutumin ya ce da saura, wurin da nisa. Ibnul Ƙayyim da Ibnu Farhun, malamin Malikiyya na Madina, duk sun yi dogon bayani a kan irin waɗannan alamomi da matsayinsu a shari'a. A Dare Dubu da Ɗaya kuma akwai labarin tuffa uku: masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka tarar da gawar wata mace a ciki, Haruna Rashidu ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta ko a rataye shi. Sai dai Ja'afaru raggon mai bincike ne. Gida ya koma ya zauna jiran ajali, sa'a ce kawai ta cece shi har sau biyu.

Abin da nake ganin shi ne ran wannan reshe ya fito a labarin Di: kowane zamani da abin da yake karɓa a matsayin hujja. Gano mai laifi rabin aiki ne. Littafin da ya amsa sunansa zai nuna maka wa ke da ikon kama mutum a lokacin, shaidar wa ake ji, ta wa ake watsi da ita, wane ne ya fi ƙarfin a tuhume shi. Idan aka cire wannan, saura tufafin gargajiya kawai aka sa wa ɗan sandan yau.

Mu gwada da ƙasarmu. A ƙaddara a shekarun 1930 aka tsinci gawar wani mai awon gyaɗa a gefen hanyar Magami, wadda ta tashi daga Gusau ta nufi Ɗansadau, jakar kuɗin kamfani ta ɓace. A lokacin Gusau na tashe. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya dire Ƙaura Namoda a 1929, kamfanonin Turawa da Kwarori sun kafa sikeli suna sayen gyaɗa da auduga, Yarbawa da Inyamurai ma'aikatan jirgi sun cika Sabon Gari, masu neman zinari na yawo a dazuzzukan kudu da yamma. Sule da sisi sun kori wuri. Bauta na kan gargara, domin dokar Lugga ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan Maris na 1901, amma ba a soke ta ɗungurungum ba sai 1936, don haka akwai gidaje da yawa da ba a son a tona asalin wane. Mai unguwa zai kai wa dagaci labari, dagaci ya kai wa hakimi, a turo dogarai ko 'yan doka. Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma alƙalin gunduma ba ya yanke shari'ar rai. Sai an tasa ƙeyar wanda ake tuhuma da shaidu tafiyar fiye da kilomita 200 zuwa majalisar Sarkin Musulmi, in an yanke kisa kuma sai Gwamna ya sa hannu.

Can shari'ar Malikiyya za a bi. Kisasi na tabbata da ikirari ko da shaidar adilai biyu maza. To, a ce wadda ta ga abin da idonta mace ce guda, Bafulatana mai tallar nono. Maganarta za ta nuna wa mai bincike hanya, amma ita kaɗai ba ta isa a kashe mutum ba. Sai a koma neman lausu, wato alama mai ƙarfi da ba ta kai cikakkiyar shaida ba. Idan mamacin ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika, adilai biyu suka ji, Malikawa sun karɓi wannan. Daga nan sai ƙasama: dangin mamaci maza, aƙalla biyu, su yi rantsuwa hamsin cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Wa zai yarda ya ɗauki wannan rantsuwa a kan abin da bai gani ba? In sun rantse kuma, suna da damar yafewa su karɓi diyya, mai kisan ya sha bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, sai fa idan kisan yaudara ne don ƙwace dukiya, wanda babu yafiya a cikinsa. Ga shi kuwa jaka ta ɓace. Kowane mataki a nan ƙofa ce ta makirci, ta tsoro, ta cin hanci, ta tsoron Allah, kuma marubuci bai ƙagi ko ɗaya ba.

A gefe guda ga Di'o da Razdan da kotun Turawa da nata ma'aunin. Ita tana karɓar rahoton likita da shaidar alamu, tana kuma sassauta wa wanda aka harzuƙa ya yi kisa cikin fushi, abin da Malikiyya ba ta ɗauka uzuri ba. Wannan saɓani ya fashe a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu a 1947, inda kotun Sarkin Gwandu ta yanke kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke. Sarakuna da alƙalai suka fusata, aka yi ta gyaran doka har aka kai ga kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960. Daga Gusau ma aka samo asalin wata shari'a da ta girgiza lardin, ko da yake ba ta kisa ba ce. Ahmadu Bello, bayan an naɗa Abubakar na Uku Sarkin Musulmi a 1938, an ba shi sarautar Sardauna aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya aka wanke shi. Mutum ɗaya, tuhuma ɗaya, kotu biyu, hukunci biyu.

Marubuta sun gano daɗin irin wannan zamani mai doka biyu a wasu ƙasashe. Michael Pearce, wanda ya tashi a Sudan, ya fara jerin Mamur Zapt a 1988, game da Baturen da ke shugabantar 'yan sandan ciki a Alƙahira ta farkon ƙarni na 20. Akwai ban dariya da iya hira, amma a ganina ya yi wa mulkin mallaka kwalliya da yawa, Misirawa kan zama abin nishaɗi. Abir Mukherjee ya fi shi ɗaci: jerinsa da ya soma a 2016 ya haɗa Baturen ɗan sanda da Ba'indiye sajan a Kalkata ta 1919, sajan ɗin na fama da danginsa da ke ganin ya sayar da kai. Malla Nunn, haifaffiyar Suwazilan, ta ajiye nata mai binciken a Afirka ta Kudu ta 1952, lokacin da launin fata ke yanke wanda za a iya tuhuma.

A adabin Hausa, tarihi da laifi sun fi bin hanya daban-daban. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duka biyun sun waiwayi baya, amma yaƙi da bauta ne a gabansu, babu asirin da ake tonowa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, sun shiga duniyar masu fasa-ƙwauri da 'yan ta'adda, amma ta zamaninsu. Maƙwabta sun nuna cewa mai bincike na jeri na iya rayuwa a harshen Afirka: Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fito da Bwana Msa da Suwahili a 1960, Yarbawa na da Akin Olusina na Kola Akinlade.

In littafi irin wannan ya zo hannunku, akwai matsala biyu da za ku duba. Ta farko mai sauƙi ce, cusa abin da bai zo ba tukuna. Wanda ya sa naira a aljihun mutumin 1935 ya ɓata rawarsa da tsalle, don sai 1973 ta fito. Van Gulik da gangan ya sa wa Di tufafi da al'adun daular Ming, wadda ta zo bayansa da ƙarni bakwai, amma ya faɗa, kuma salon marubutan Sin ya bi. Ta biyu ta fi wuyar gani, wato mai binciken da jikinsa ke ƙarni na 12 amma tunaninsa na ɗan jami'ar yau ne: ba ya tsoron aljani, ba ya ƙyamar kowa, ra'ayinsa a kan mata da bayi ya yi daidai da na mai karatu. Cadfael kansa bai tsira daga wannan zargi ba, ga shi kuma kusan kowane littafi sai ya haɗa wasu masoya aure. Mai bincike na gaskiya a Bunguɗu ta 1930 zai yarda da sammu, zai girmama rantsuwa da Alƙur'ani, zai san abin da rantsuwa da aradu ke nufi ga Bamaguje, kuma da wannan imanin zai yi aiki.

Mutumin Magami na yau na iya cewa duk wannan hira ce ta masu kwanciyar hankali. Yana da gaskiya. A hanyar da matafiya kan jira rakiyar jami'an tsaro kafin su bi, ba sanin mai kisa ne ya gagara ba, sunayen manyan 'yan bindiga kowa na faɗa, kamawa ce babu. Sai dai wani ɓangare na reshen a kan wannan yanayi aka gina shi. Philip Kerr ya fara jerin Bernie Gunther a 1989, ɗan sandan da ke binciken kisan mutum ɗaya a Jamus ta Hitila, inda hukuma da kanta ke kashe dubbai, kuma sau da yawa ya gano gaskiya ya rasa inda zai kai ta. Masana tarihi irin su Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya gabatar da bincikensa kan 'yan bindigar Zamfara a 2021, sun nuna fashi a dazuzzukan yankin ya girmi jihar da aka ƙirƙiro a 1996 nesa ba kusa ba. Labarin da aka kafa a zamanin jangali zai iya tambayar yadda aka yi da burtali da makiyaya da kotu, a faɗi abin da ba ya faɗuwa a kan masu rai.

Wa zai zama mai binciken? Dogari ɗan aike ne, ƙarfi gare shi, ba a ba shi damar tunani ba. Magatakardan alƙali ya fi dacewa, don yana karanta littattafan shari'a irin su Tuhufa da Muhtasar, yana jin duk abin da aka faɗa a zaure, kuma yana tsakanin fada da Bature. Wanzami ma ba baya ba: ya san rauni, ya san wuƙa, ya dubi tsagar fuskar gawa ya ce Bazamfare ne ko Bagobiri ko Bakatsine. Maharbi na bin sawu a dajin Kuyambana. Sai dillaliya, wadda ke shiga gidajen kulle da babu namijin da zai taka, ta san wadda ta sayar da munduwa cikin gaggawa. Jason Goodwin ya warware irin wannan matsala a Istanbul ta 1836 da Yashim, dandaƙaƙƙen mutumin fada mai izinin shiga sashen matan sarki.

Zamunnan da za a zaɓa suna da yawa: 'Yandoto ta malamai kafin Muhammadu Bello ya ci ta a 1806, ayarin fatake a dajin Gundumi da Baturen matafiyi Barth ya ƙetara a 1853, ko ruɗanin ƙarshen Fabrairun 1903 da Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a yaƙi da Turawa a Kwatarkwashi. Takardu ma akwai. Fayil-fayil na Lardin Sakkwato na ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A 1994 Allan Christelow ya buga fassarar shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, akwai na kisa, na sata, na gona, na bayi. Yawancinsu gajeru ne, 'yan layuka da Larabci: wane ya yi ƙarar wane, ga abin da shaidu suka ce, ga hukunci. Abin da ya faru a daren da aka yi abin, da yadda aka kai ga kama wannan mutum aka bar wancan, magatakarda bai rubuta ba.